Makullin Layi na Uku

Shekara goma sha tara na yi ina aikin kuran, wato wutar lantarki, a Dakoro, kuma bakwai daga cikinsu makullan layukan gari a aljihuna suke yini. Ba wasu manyan makullai ba ne, ƙanana ne guda uku a zobe ɗaya, irin waɗanda ake rufe shago da su. Amma duk wanda ya taɓa yin bazara a garin nan ya san abin da suke iyawa.

Ga yadda aikin yake. Wutar da ke zo mana daga Maraɗi ba ta isar gari duka in zafi ya tsananta. Da hantsi ya ɗaga, kowa ya kunna fanka da firigo, sai a bugo mini waya daga can a ce in rage nauyi. Layi uku aka raba garin. Na ɗaya ya ɗauki asibiti da shaton ruwa, wato babban tankin ruwan gari, shi ba a taɓa shi. Na biyu ya ɗauki kasuwa da tsakiyar gari, har da gidana. Na uku ya yi arewa, ya bi sabbin unguwannin bakin gari, inda makiyayan da fari ya cinye wa dabbobi suka zo suka zauna. Kowane layi yana da poto guda, wato dogon turken wayar wuta, mai hannun ƙarfe a gindi, da kwaɗo a kansa. In na buɗe kwaɗon na ja hannun ƙasa, sai ƙarfe ya yi ƙara a sama, duk unguwannin da ke bayan poton su rasa wuta.

Takardar biro, wato ofishinmu, ta ce a yi karɓa-karɓa, yau layi na biyu, gobe na uku. Tana nan manne a bango bayan teburina, har rana ta mai da ita ja. Shekarar farko na bi ta sau da ƙafa, kuma a shekarar ne na gane bambancin layukan biyu.

Ranar da na yanke na biyu, kafin in mai da kwaɗon wayata ta fara kuka. Teloli su kira, mai walda ya kira, alhazan kasuwar dabbobi su kira shef, shugaban biro ɗinmu, shi kuma ya kira ni yana tambaya ko ba wata dabara. In na je fada, majalisar hirarmu, da yamma shan shayi, abokaina su ba ni kofin ƙarshe su ce wanda ya dafa su da rana ba shi da rabo a na farko. Wasa ne, amma wasan da ake yi wa mutum kullum yana cin rai. A gida kuma maiɗakina galas take sayarwa, wato ƙanƙara, da lemun tsamiya a leda. Allah yana gani ba ta taɓa ce mini in bar mana wuta ba. Iyakarta ta buɗe firigo, ta taɓa ledojin da suka narke, ta rufe, ta dube ni. Ni kuwa na fi son a zage ni da wannan kallon.

Ranar da na yanke na uku, wayata sai ta yini shiru. Mutanen can sun san hanyar biro sarai, amma a wurinsu mutum ya je ya tsaya gaban tebur yana kukan an hana shi abu, zubar da girma ne. Wanda ya ga garkensa yana faɗuwa ɗaya bayan ɗaya bai yi kuka ba, ba rashin fanka zai sa shi kuka ba. Na ga wannan hali nasu, har na yaba shi a fada, sannan na hau kansa na zauna.

Ban fara da yawa ba. Ranar kasuwa kaɗai na fara sauyawa, na ce ai masu sana'a sun fi bukata. Daga nan sai Juma'a ta shigo ciki, saboda babban masallaci. Daga nan sai azumi gaba ɗaya. Kafin in ankara, takardar bango ta zama ado, moto ɗina kuma da kansa yake yin arewa in an bugo waya. Kuma layi na uku ba shi da nauyi kamar na biyu, don haka in shi na yanke, sai ya daɗe a yanke kafin Maraɗi su ce in mayar. Duk wanda ya tare ni a can ya tambaya, amsata ɗaya ce: daga Maraɗi aka ɗauke. Maraɗi tana da nisa, ba wanda zai je ya tambaye ta.

Ana cikin haka wani dattijo ya zo biro, bayan damina, lokacin da ake cikin girbin hatsi. Dogo ne, siriri, da rawani baƙi da ya koɗe. Daga arewa iyayensa suke, cikin masu raƙuma, shi kuma ya shekara goma a unguwar bakin gari. Ya ƙi zama kan kujera, ya tsuguna kusa da ƙofa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

Ya ce, "Mai kuran, shawara ta kawo ni. Ina da taguwa guda, raƙuma mace, ita ɗai ta rage min cikin abin da ubana ya bari. Ina so in sai da ta in sayi firigo."

Na ce, "Firigo kuma, Baba? Me za ku sa a ciki?"

Ya ce, "Madara. Matan rugage suna shigowa da ita da sahe, rana ta yi ta lalace musu a hannu. In na samu inda zan aje ta ta yi sanyi, iyalina ta iya yawur, mu ci abinci, su ma su ci. Amma an ce min abin nan ba ya rayuwa sai da kuran. Shi ya sa na ce bari in tambayi mai shi kahin in kai ta kasuwa. Kuran namu zai riƙe?"

Na san amsar gaskiya, tana bakina. Maimakon in faɗe ta, sai na juya na nuna masa takardar bango, wadda bai iya karantawa ba. Na ce, "Baba, kwana ɗaya naku, kwana ɗaya na wasu, kuma ƴan awoyi ne da rana. Firigo mai kyau yana riƙe sanyi fiye da haka. Ku saya."

A raina na ce daga yau zan koma bin takarda. Da gaske nake a lokacin, kuma niyyar ba ta yi mini wuya ba, tunda sanyi ne ke tafe kuma ba a yanke wuta da sanyi.

Ya sayar da taguwar ranar kasuwa. Ni da hannuna na ja masa waya zuwa ɗakin da ya gyara a ƙofar gidansa, na sa masa firigon, fari, dogo, irin mai buɗewa ta sama. Da ya fara gunji, dattijon ya ɗora tafinsa a jikinsa yana saurare, kamar yadda ake taɓa dabba a ji lafiyarta. Matarsa ta leƙo daga bayan zana ta yi mini godiya. Ya ba ni cuku guda uku a nannaɗe cikin takarda, na kai gida muka ci da shayi.

Watannin sanyi abin ya yi kyau. In na wuce da safe sai in ga matan rugage zaune a inuwar katangarsa da ƙoransu, jakunansu a ɗaure. Yawur ɗin matarsa har cikin kasuwa ake aikowa a saya. Maiɗakina ma ta ɗanɗana ta ce ba ta taɓa shan irinsa ba.

Sai bazara ta shigo, kuma a shekarar tare da azumi ta zo. Wannan shi ne lokacin galas. Tun azahar yara ke yin layi a ƙofar gidana da kwanoni. Ranar farko da aka bugo daga Maraɗi, bisa takarda juyin layi na biyu ne. Na hau moto, na kai mararraba, na tsaya ƙafa ɗaya a ƙasa. Ban daɗe a tsaye ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na ce yau ɗaya dai, na yi arewa. Haka na yi washegari, haka na yi har salla, haka na yi har ruwan farko ya sauka.

Wata rana da la'asar na je mayar da layin, na bi ta bayan gidansa. Na ga matarsa ta fito da babban bokiti, tana juye wa awakin maƙwabta yawur da ya tsinke ya yi tsami. Ta ɗago ta gan ni, ta gaishe ni da gajiya. Na amsa ban rage gudu ba.

Shi kansa sau ɗaya ya zo biro a duk bazarar, kuma ba ƙara ya kawo ba. Ya ce ya ji labarin yadda nake yawo cikin rana da azumi a bakina, daga wannan poto zuwa wancan, shi ne ya zo ya yi mini sannu. Ya ajiye cuku a kan teburina.

Ya ce, "Mutanen Maraɗin nan dai, Allah shi shirye su. Sun wahal da mu, sun wahal da kai."

Na ce amin. Da bakina na ce amin, kuma cukun bai kwana ba.

Bayan damina aka aiko mana ma'aikata daga Yamai, shugabarsu wata injiniya, mace, ba ta girmi ɗiyata ta fari da yawa ba. Suka ɗaura wa kowane poto na yankewa wani akwati mai ruwan toka, da ƙaramin faifan sola da eriya a sama. Aka ce nan gaba ba mai zuwa da makulli. Ordinatar, wato kwamfutar da ke Maraɗi, za ta ga nauyin kowane layi da kanta, ta raba yankewar daidai, ta buɗe ta rufe daga can. In waya ta tsinke ma, akwatin zai ware wurin ya bar wa sauran gari wuta, ya aiko da saƙo a san inda za a je gyara.

Kwana biyu aka yi ana mana bayani a biro. Ni ina can kujerar baya, raina a ɓace. Ina ganin yarinya sa'ar ɗiyata ta zo ta koya mini kuran, kuma ta zo da akwatin da zai karɓe mini makullaina. Na yi ta yi wa na kusa da ni raɗa, ina cewa mu ga yadda akwatin zai yi da iskar damina. Abu ɗaya kawai na tsinta a duk bayanin: injin da zai ja hannun ƙarfen bai iso ba, sai baɗi, don haka mu ci gaba da yankewa da hannu. Abin da ban tsaya na ji ba shi ne, tun ranar da aka ɗaura shi akwatin yake rubuta komai, lokacin da aka buɗe layi da lokacin da aka rufe, da ko daga sama wutar ta tafi ko a gindin poto aka ja ta. Ta faɗa, abokan aikina duk sun ji. Girman kai ne ya toshe mini kunne.

Haka na sake yin wata bazarar cur, ina buɗe kwaɗo a ƙarƙashin akwatin, har wani lokaci in jingina da poton in sha iska a inuwarsa. A bazarar nan ban ƙara bi ta bayan gidan dattijon ba, na samo wata hanya ta zagaye.

Da injinan suka iso aka haɗa, sai aka kira taro a meri, ofishin magajin gari, don a gaya wa jama'a sabon tsari. An gayyato masu unguwanni da ƴan kasuwa da limamai. Mai unguwar bakin gari ya zo da mutum uku, dattijon na cikinsu. Dattijon ya hango ni a gaba kusa da shef, sanye da rigar aiki sabuwa, ya ɗaga mini hannu.

Injiniyar ta haska hoto a farin bango. Ta ce za ta nuna mana yadda bazarar da ta wuce ta kasance, don mu ga amfanin abin da aka kawo. Sanduna biyu ne jajaye a kwance, kowace tana nuna tsawon lokacin da layi ya yi ba wuta. Ta layi na biyu ba ta fi ɗan yatsa ba. Ta layi na uku ta miƙe har ta kusa taɓa taga. Ba sai mutum ya yi lakwal, wato boko, ba kafin ya karanta wannan hoto.

Ta ce daga yanzu sandunan nan biyu za su zama tsawo ɗaya, na'ura ba ta san gidan kowa ba. Ba ta dube ni ba, kuma har yau ina ganin da gangan ta ƙi dubana, don ta rufa mini asiri iyakar iyawarta. Aka fara tafi. Sai dattijon ya miƙe a hankali, ya gyara rawaninsa.

Ya ce, "Ɗiyata, ina da tambaya. Wagga doguwar, tamu ce ko?"

Ta ce, "Taku ce, Baba."

Ya ce, "To mi munka yi wa mutanen Maraɗi da sunka tsane mu haka? In wani laihi ne, a hwaɗa muna mu ba su haƙuri."

Ba gatse yake yi ba, da zuciya ɗaya ya tambaya. Injiniyar ta dubi shef, shef ya dubi takalmansa. Ba ta da hanyar kauce wa dattijon da ya tambaye ta a gaban jama'a, kuma ba ta saba da irin amsata ba.

Ta ce, "Baba, Maraɗi cewa suke a rage nauyi, ba su zaɓen layi. Wannan nan cikin gari ake jan shi da hannu."

Ba wanda ya ambaci sunana, kuma ba a bukata. Duk Dakoro an san aljihun da makullan suke. Dattijon bai juyo ya dube ni ba. Ya ce, "To, madalla, na gode," ya zauna. Na so ƙasa ta tsage in shige. Aka ci gaba da taro kusan awa guda, ana maganar saƙon waya da gyaran layi, ni kuwa ina zaune a gaba inda kowa ke ganin ƙeyata.

Abin da ya biyo baya a wurin aiki bai kai yadda na cancanta ba. Shef ya rufe ƙofa ya yi mini faɗa, faɗan mutumin da ya san shi ma ya sha bugo mini waya yana neman dabara. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka karɓi makullan da dama za a karɓa, aka bar ni a ɓangaren gyara. A fada, waɗanda suka yi shekaru suna shan iskar fanka a kan wannan aiki nawa su ne suka fi kowa girgiza kai. Amma ko sun matsa mini, ba hannunsu ne ya ja ƙarfen ba.

Maiɗakina a bakin mata ta ji, a wurin suna. Ta dawo ta same ni a tsakar gida, ko mayafi ba ta cire ba.

Ta ce, "Malam, ni na ce ka yi?"

Na ce, "Ba ki ce ba."

Ta ce, "Yau an nuna ni da baki. An ce ga wadda galas ɗinta bai taɓa narkewa ba."

Ta shige ɗaki. Kwana biyu tana ajiye mini abinci ba ta zama kusa.

Mako uku na yi ina ɗaura niyyar zuwa wurin dattijon ina kwancewa. Ranar da na je, bayan la'asar ne, kuma juyin layi na biyu ne, gidana ba wuta, unguwarsu kuwa har rediyo ke tashi a shagon mai caji. Na yi sallama, ya fito, ya shimfiɗa mini tabarma a ɗakin nan na ƙofar gida. Wayar da na ja tana nan a bango, ba komai a ƙarshenta. A ƙasa akwai alamar inda ƙafafun firigon suka zauna.

Ban tambaya ba, shi ya gaya mini, kamar mai ba da labarin wani. Tun tsakiyar bazara ta biyu matan rugage suka daina zuwa, don ba mai son ya ga madararsa a bakin awaki. Sun samu wani mai shago cikin kasuwa suna kai masa. Firigon ma wani ɗan kasuwa ne ya saya da araha, wata biyu kafin taron. Yanzu ranar kasuwa yakan je wurin dillalai ya riƙe musu igiyar dabbobi, a sallame shi da abin da ya samu.

Na ce, "Baba, na zo ne in roƙi gafara. Ni na cuce ku, ba Maraɗi ba. In kun yarda, zan nemo wani firigon in kawo. Yanzu wutar za ta riƙe, ba hannun kowa a ciki."

Ya ce, "Ka bar shi. Matan sun samu hanya, ba ni tare musu ita. Iyalina ma ta ce ko warin madara ba ta son ji."

Matarsa ta turo ruwa a kwano ta bayan zana, ba ta leƙo ba. Ya miƙo mini, na sha don kada in ƙi.

Sai ya ce, "Abu guda nike so in sani, tun ranar taro yake cina. Na ce wa kaina wataƙila kai ƙarhe kawai kake ja, ba ka san inda wayar ta bi ba, gari da yawa, gidaje da yawa. Sa'ad da kake ja, ka san har da madarata a ciki?"

Ya buɗe mini ƙofa da kansa, ya tsaya yana jira in bi ta. Na dubi wayar bango, wadda na auna da hannuna na buga mata ƙusa.

Na ce, "Na sani, Baba. Kowace rana na sani."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon tabarma.

Ya ce, "Da ka ce ba ka sani ba, da na yarda da kai."

Na san da ya yarda, kuma wannan ya fi duk abin da aka yi mini a meri zafi. Hawaye suka zo mini, ni da furfura a gemu, na rasa inda zan sa fuskata. Ya ce ya yafe, tunda Allah yana son mai yafewa, ya ce in gaida gida. Sannan ya tashi ya rako ni har bakin hanya, ya riƙe mini moto na hau, kamar yadda ake yi wa baƙon kirki.